Soket a Gefen Gadon Ijja

Ranar da Ma'allam Bal'id ya shigo layinmu da motar tafi-da-gidanka, har mai tallar kifi sai da ya jingine kurarsa ya tsaya kallo. Tsohuwar mota ce fara, tsatsa ta fara lasar gefenta, da gado da murhu da ɗan banɗaki a ciki, ga faifan sola biyu a kan rufi. A hannun wani tsohon Bafaranshe ya saye ta, irin waɗanda ke cika filin bayan ganuwar garinmu Tiznit duk lokacin sanyi. Matar mutumin ce ta rasu, ya ce shi kam ba zai iya kwana cikinta shi kaɗai ba.

Si Hmad mai kanti ya leƙo, da ma bakinsa ba ya zama lafiya.

"Ma'allam, ashe kai ma ka zama bature? Saura gajeren wando da ɗan kare."

"Kai dai je ka canja ƙwan fitilar shagonka da ke ƙifta ido tun bara," in ji Bal'id, "sannan ka zo mu yi zancen wando."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don babu wanda bai san dalilin sayen motar nan ba. Saboda Ijja ne, matarsa.

Shekara talatin Ijja ta yi tana gasa burodin sayarwa a tanderun itace, hayaƙi ya cinye mata huhu. Yanzu ba ta iya rabin awa ba tare da na'urar iska ba, wani akwati mai ƙugi da ake jona wa wuta, da siririyar roba da ke zuwa hancinta. Shekara huɗu ke nan rabonta da ƙauyensu a tsaunukan Tafrawut. Can yayarta Mamas take, ta makance, ƙafa ta ƙi, ba ta iya saukowa. Su biyu suka rage a ɗakinsu. A waya suke gaisawa, kowacce na yi wa 'yar'uwarta ƙaryar tana samun sauƙi. Da sanyin bana ya shigo, likita ya ja Bal'id gefe ya gaya masa in akwai inda take son zuwa, to kada a ce sai baɗi.

Wuri ɗaya ne take son zuwa, kuma a lokaci ɗaya: ƙauyensu, sa'ad da itatuwan lauz, masu 'ya'ya kamar gyaɗa, suka yi fure. Furen nan bai wuce mako biyu zuwa uku ba. Tafiyar kuma awa uku ce, hawa ne tun daga bakin gari, ƙarshenta hanyar duwatsu, kuma duk hawan da aka ƙara numfashi sai ya ƙara wuya. Motar tana da batir biyu manya da inbata mai ba da wuta irin ta gida. Matsalar ɗaya ce: soket ɗaya tak ke ciki, can gaba kusa da murhu, gado kuwa yana can baya, wayar na'urar ba ta kai. Ma'allam kuma ba zai yarda a ja waya a ƙasa ana tuntuɓe da ita ba, a motarsa, yana raye.

"Aikin rabin wuni ne," ya ce wa Ijja. "Soket nawa na sa a garin nan?"

"Ka ƙirga min su jiya," ta ce. "Da shekaranjiya."

Gaskiyarsa ce, kuma ba a hana shi faɗa. Shekara arba'in da uku yana sa wuta a gidaje. Rabin gidajen unguwarmu hannunsa ne, har da masallaci da gidan wanka, kuma ba a taɓa cewa ga gidan da ya kama wuta saboda aikinsa ba. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Kafin ya taɓa waya sai ya je ya zare fiyus, ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa, ya dafa. Ya ce wanda hannunsa ke cikin waya shi zai riƙe fiyus, don kada wani mai karambani ya mayar da wuta yana tsakiyar aiki. Yara da yawa sun koyi sana'a a wurinsa, sun yi gemu sun buɗe shaguna, amma muddin suna ƙarƙashinsa babu wanda fiyus ya taɓa shiga aljihunsa. Kai dai ka riƙe fitila, ka miƙo filaya, ka sha faɗa. Taurin kai kuwa, Allah ya ba shi ya ƙara masa.

Ranar Laraba ya yi aikin. Ya ɗauko wayar da ya fi yarda da ita, mai kauri, mai tsinken jan ƙarfe ɗaya, irin wadda ake binnewa a bango ta shekara hamsin. Ya huda ƙarfen da ke ƙarƙashin gado ya zura ta. Inda ya yi haɗi ya murɗe da filaya tamau, ya naɗe da baƙin tef. Ya kafa soket fari ƙal a jikin katako. Ya jona na'urar, ta kama ƙugi. Ya fito yana karkaɗe hannu kamar wanda ya gama gina gari.

Ranar Alhamis da hantsi Zaina ta iso daga birnin Tanja.

Zaina ita ce 'yarsu ta fari, shekararta talatin da takwas. Shekara goma sha shida ke nan tana aiki a wata masana'anta da ke harhaɗa wayoyin cikin mota, yanzu ma ita ke duba aikin mata arba'in kafin ya fita. Tun tana ƙarama take bin ubanta da ido in yana aiki, ta san sunan kowane ƙarfe a jakarsa, amma bai taɓa barinta ta taɓa ko sukundireba ba. Aikinta na Tanja kuwa suna ɗaya ya sa masa: kitso. "Yaya kitson?" haka yake gaishe ta a waya. "Har yanzu kuna yi wa waya kalaba?" Takan yi dariya. Shi a ganinsa wasa yake yi da 'yarsa, bai taɓa tsayawa ya ji yadda dariyar take fita ba.

Ko jakarta ba ta ajiye ba ya ja ta zuwa mota.

"Zo ki ga aikin maza."

Ta shiga, ta taɓa soket ɗin, ta danna makunnin. Sannan ta durƙusa ta ɗaga murfin ƙarƙashin gado, ta kunna fitilar wayarta. Ta daɗe a durƙushe. Bal'id na tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu, yana jiran yabo.

"Ya miƙe sambal, Baba," ta ce. "Babu mai miƙar da waya kamarka."

"Amma?"

"Ban ce amma ba."

"Fuskarki ta ce."

"Fuskata ta kwana a bas, Baba. Bari in je in ga Inna."

Ta wuce ciki. Ya ga ta tsinci wani guntun waya daga ƙasan motar ta sa a jaka, bai kawo komai a ransa ba.

Washegari Juma'a, bayan an sauko masallaci an ci kuskus, suka zauna a tsakar gida su uku. Ijja na jingine da matashi, robar na hancinta, na'urar na ƙugi a gefenta. Bal'id na zuba shayi daga sama yana lissafa yadda za a yi ranar Lahadi: a tashi da sassafe, a tsaya a kan tsauni a karya, a isa kafin azahar. Zaina na sauraro, hannunta na wasa da guntun wayar nan. Ta lanƙwasa shi nan, ta mayar can, a hankali, ba ta ko kallonsa. Nan, can. Nan, can. Bai kai ga zuba kofi na biyu ba sai ƙas! Wayar ta rabu biyu. Ta ɗora guntayen a kan faranti, kusa da sukari.

Sannan ta zaro wani guntun daga jakarta, mai laushi, cikinsa siraran zarurruka ne kamar gashi. Ta shiga lanƙwasa shi shi ma. Shayi ya huce tana yi, guntun bai karye ba.

"Gida ba ya motsi, Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mota kuwa rawa take yi tun daga nan har Tafrawut."

Ai kuwa sai fuskar Ma'allam ta yi baƙi. Ya dangwarar da buta.

"Ni? Ni za ki koya wa waya? Tun uwarki na goyonki nake cikin wuta!"

"Ban isa ba, Baba."

"Kin isa mana! Kin zo daga Tanja da gashin doki a jaka, za ki nuna min a gaban matata! Wannan abar, wuta ce za ta bi ta, ko ɗinki za a yi da ita?"

Zaina ta sunkuyar da kai. Ijja ta yi tari mai tsawo, suka tsaya suna jiranta. Da ya lafa ta ce, "Ku bar ni in sha shayina, don Allah. Iskar ma da kuɗi ake ba ni, kuna ƙona ta da faɗa."

Bal'id ya zura takalmansa ya fice. Ransa a ɓace yake ƙwarai, amma idonsa ya riga ya ga guntayen nan biyu a faranti, kuma ido irin nasa ba ya iya mayar da abin da ya gani.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar fitilar gefen gado, ya kai mota, ya jona ta a sabon soket, ya ɗaure ta da igiya kada ta faɗi. Ya juya madubi yadda zai riƙa hango ta. Ya ta da mota ya fita ta bayan gari, ya kama hanyar burjin da manyan motocin yashi suka farfasa. Niyyarsa ya dawo ya ce musu ga shi nan, awa guda ana girgiza ta ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Minti goma fitila na ci. Ya fara magana shi kaɗai. "Kitso! Wai gida ba ya motsi. To ga mota na motsi, ga wuta." Ya ƙara taka mai don mugunta, kwanukan Bafaranshe suna ta kacau-kacau a kabad. Minti ashirin tana ci. Ya fara shirya kalmomin da zai faɗa, da yadda zai yafe mata bayan ta ba da haƙuri.

Sai ta ƙifta.

Ya ce wa kansa rana ce ta haske madubin. Ta sake ƙiftawa, ta yi ja, ta dawo. Ya faɗa wani rami, ta mutu gaba ɗaya.

Ya tsaya a gefen hanya. Babu kowa sai awaki can nesa. Ya je ya zare fiyus ɗin da ke bakin batir, ya sa a aljihu, ya dafa, ya durƙusa ya ɗaga murfin ƙarƙashin gado. Haɗin da ya murɗe da hannunsa ya saki a cikin tef, yana lilo. Wannan bai tsorata shi ba, ana iya sake murɗewa. Da ya bi wayar da yatsa zuwa inda ta ratsa ramin da ya huda, nan ne ya ga abin tsoro. Bakin ƙarfen ya riga ya fara yankar fatar wayar, jan ƙarfe ya leƙo kaɗan yana sheƙi. A rabin awa ke nan. Ƙarfen nan kuwa shi ne ƙafar gadon, shi Ijja za ta kama in za ta tashi zaune.

Ya zauna daɓas a ƙasan motar. Ya ga kansa a kan tsauni, gari ya yi nisa a baya, ƙauye bai zo ba, ƙugin nan ya tsaya. Ya ga Ijja ta buɗe baki tana neman iska tana kallonsa, ba za ta ma zarge shi ba, haka take. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba a kan tsani ko cikin akwatin wuta. Kuma abin da ya fi tsorata shi, ya ga kuskure biyu, amma bai san nawa ne bai gani ba. Shekara arba'in da uku yana aiki a cikin abin da ke tsaye wuri ɗaya.

Ya mayar da fiyus, ya dawo gab da magariba, ya wuce masallaci.

Da safiyar Asabar, rana ta ɗan ɗaga, ya tsaya a tsakar gida ya yi gyaran murya.

"Zaina. Zo ki riƙe min fitila."

Ta fito tana goge hannu, ta bi shi ba musu. A cikin mota ya buɗe jakar aikinsa a kan tebur. Ya je ya zare fiyus. Hannunsa ya nufi aljihu da kansa, yadda ya saba, har ya taɓa bakin aljihun. Ya tsaya. Sannan ya kamo hannun 'yarsa ya buɗe tafin, ya ajiye fiyus ɗin a ciki, ya naɗe mata yatsu a kai. Ya karɓe fitilar daga ɗayan hannun.

Zaina ta san abin da aka ba ta, a gidan ta girma. Ta dubi hannunta, ta dubi ubanta, shi kuwa ya kafa wa rufin mota ido kamar yana neman inda yake yoyo.

"Baba..."

"Rana na yi," ya ce. "In za ki yi, ki yi."

Rigarta ba ta da aljihu. Ta ƙulle fiyus ɗin a bakin ɗankwalinta, ta ja ƙullin da haƙori, ta share ido da bayan hannu. Ta koma ciki ta fito da jakar da ta zo da ita daga Tanja, ta zazzage. Ga naɗin waya mai laushi, ga ƙananan bakunan ƙarfe da filayar matse su, ga zobban roba, ga bututun roba mai gaɓa-gaɓa, ga wani ɗan akwati fari.

Bal'id ya ƙura wa kayan ido. "Duk wannan, haka kike yawo da su? Ko kin yi mafarki ne?"

"Inna ce ta kira ni tun ranar da ka shigo da motar. Ta ce ubanki zai sa wuta a mota, ki taho da kayanki, kada ki ce ni na ce."

"Kin kuwa riƙe amana," ya ce. Ya juya wajen tagar ɗaki ya ɗaga murya. "Ijja! Ashe ke ce!"

Muryarta ta fito a hankali, da dariya a ciki. "Ba na ji, na'ura na ƙara."

Zaina ba ta tsaya a fiyus ba. Ta kashe inbata, ta kwance kan batir, ta sa ubanta ya hau ya rufe faifan sola da bargo, don ta ce su ba su san an zare komai ba, muddin akwai rana wuta suke turowa. Ya hau yana gunaguni, amma ya rufe su ruf. Ta gwada da abin awo ta tabbatar babu wuta, sannan ta cire aikinsa gaba ɗaya. Ba ta yar ba, ta naɗe wayar da kyau ta mayar masa jaka. Ta goge bakin ramin da zarto har ya yi sumul, ta sa masa zoben roba, ta zura sabuwar wayar cikin bututu kafin ta ratsa. Babu murɗi, babu tef. Kowane bakin waya sai ta sa masa hularsa ta ƙarfe ta matse, ta ja da ƙarfi ta ji ko zai fita. Duk taƙi ɗaya ta kama wayar da jikin katako don kada ta yi lilo.

"Baba, fitilar a kan hannuna, ba a fuskata ba."

Ya yi sauri ya gyara. Sai ya tuna maganar wa ce wannan, da yara nawa ya daka wa ita da tsawa. Ya harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Wannan farin akwatin fa?"

"In wuta ta ɓalle ta bi ƙarfe, ko ta bi jikin mutum, shi zai yanke ta kafin ka ce wayyo."

"Na san shi," ya ce. "Na sa ɗari." Ya shafa akwatin da yatsa. "Ban dai yi tunaninsa a nan ba."

Da ta zo wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle, ta tsaya, ta ce masa ya duba mata, don shi ya fi ta sanin wannan. Bai sani ba ko da gaske take ko lallashinsa take yi, amma ya duba, kuma ya samu notin da za ta ɗaura a kai fenti ya rufe shi. Ya kankare da wuƙa har ƙarfe ya fito, ya ce da an bar shi haka da an yi aikin banza. Ta ce wallahi ba ta lura ba. Ranar dai ya samu abin da zai riƙe.

Ta ɗauko soket za ta mayar inda ya kafa shi da fari, ya ce ta dakata. Ya cire takalmi ya hau gadon, ya kwanta ta gefen hagu, ya ɗan lanƙwashe gwiwa. Ya miƙa hannun dama, bai miƙe shi duka ba.

"A nan take kwanciya. Kafaɗarta ba ta wuce nan tun da ta faɗi a gidan wanka. In yana can, sai ta tashi kafin ta kai ga makunni, kuma ba za ta tashi kowa ba, kin san halinta." Ya dangwala yatsa a katakon. "Nan. Kuma ki ɗaga shi sama da inda take ajiye kofi, don sai ta zubar."

Zaina ta yi alama da fensir daidai inda yatsansa yake. Ba ta auna ba.

La'asar ta yi kafin su gama. Ta kwance bakin ɗankwali ta mayar da fiyus da hannunta. Suka jona fitilar nan suka koma hanyar yashi, shi yana tuƙi ita tana baya, awa guda cur, bai bar rami ko ɗaya bai faɗa ba. Fitila ba ta ko ƙifta ba. Da suka shigo layi Si Hmad ya leƙo ya ce yaya, bature ya samu ɗan kare? Bal'id ya ce masa in yana son a gyara fitilar shagonsa ya zo ya roƙi Zaina kafin ta koma, shi ya daina ƙananan ayyuka.

Lahadi da sassafe suka kama hanya. Ijja na kwance da bargo biyu, Zaina na zaune kusa da ita, an ɗaure na'urar a ƙasan gado. An loda sukari da shayi da man zaitun na tsaraba, da kwalbar amlu, abin shafa wa burodi, da Ijja ta nace sai an kai wa Mamas, ko da yake lauz ɗin da aka niƙa a ciki daga itatuwan Mamas ɗin ya fito.

Bal'id bai kunna rediyo ba. Tun daga ƙofar gari kunnensa na kan ƙugin nan. Suka fara hawa, hanya na naɗewa a jikin dutse, injin mota na nishi, shi dai yana tace sautin na'urar daga cikin sauran. Sau biyu ya ji kamar ta tsaya, ashe kunnensa ne ya toshe don hawa. A kan tsauni suka tsaya aka karya, bai iya haɗiye burodin ba.

"Ka ci," in ji Ijja. "Ni ce mara lafiya, kai ne ka yi fari."

Da suka bar kwalta suka faɗa hanyar duwatsu, motar ta shiga rawa sosai. Kwanuka na kacau-kacau, labule na kaɗawa. Ya dubi madubi. Ijja ta kama ƙarfen gadon da hannu ɗaya ta ɗago, tana leƙen taga. Ya ga hannun nan a kan ƙarfen nan, ya ce alhamdu lillahi a fili, bai san ya faɗa ba.

Sai kwarin ya buɗe, fari fat daga wannan gefe zuwa wancan, ko'ina fure.

Mamas na zaune a kan dutse a ƙofar gida tun hantsi, an gaya mata suna hanya. Jikokinta suka ɗauko ta suka shigar da ita motar, suka zaunar da ita a bakin gado. Ta lalubo fuskar ƙanwarta da hannu biyu, ta bi goshi, ta bi kumatu, ta ci karo da robar hanci. Babu wadda ta yi ƙaryar samun sauƙi. Suka rungume juna suka yi kukansu, Zaina na taya su, Bal'id ya fita wai zai duba taya.

Da ya dawo Mamas ta karkata kai tana saurare. "Wane ne ke minshari a ƙarƙashin gado?"

"Huhuna ne," in ji Ijja. "Yanzu a akwati nake yawo da shi."

"Kuma ya biyo ki har nan, a kan duwatsun nan? Allah ya yi wa hannunka albarka, Bal'id."

"Ba hannuna ba ne, Yaya," ya ce. "Na Zaina ne. Ni fitila na riƙe."

"Ita ma a fuskar yarinya ya yi ta haska ta," in ji Ijja.

Ta ce a matsar da motar ƙarƙashin babban itacen da ke bayan gida, wanda ubansu ya dasa. Ya matsar da ita har reshe na gogar taga. Zaina ta zuge gilashin, furanni biyu uku suka faɗo kan bargo. Ijja ta dube su, sannan ta kai hannu ta zare robar daga hancinta ta miƙa wa mijinta.

"Riƙe min. Ba na jin ƙanshin komai da abin nan."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rufe. Ta jawo reshen ta tura fuskarta ciki, ta lumshe ido, tana ja a hankali da ɗan abin da ya rage mata. Shi kuwa ya tsaya a gefen gadon da robar a hannu, iskar na hura masa tafi ba ta yankewa, yana jira ta gama.